Ginshiƙin Gidan Sairusi

Sairusi ya dawo daga bitar Suva, babban birnin ƙasar, da sabon tumbi da sabuwar jaka. Tumbin, otal ne ya ba shi. Jakar kuwa ta ƙungiyar kare muhalli ce, a cikinta akwai takalmin roba mai kaiwa gwiwa, da jar safar hannu mai kauri, da wani dogon awartaki na ƙarfe. Tun a cikin kwalekwale ya sa takalmin, ya ratso gari yana ƙwas-ƙwas, yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Da yamma gidansa ya cika, aka dama yangona, jiƙon saiwar da ake sha a taron maza. Torika, matar ɗansa Waisake, tana can bakin ƙofa, wajen zaman matan da aka auro, tana kankare kwakwa. Tun da aka kawo ta gidan ba su taɓa magana da Sairusi ba, kuma ba faɗa suka yi ba. Mutum ba ya magana da matar ɗansa, ba ya kama sunanta, ita ma ba ta taɓa kayan jikinsa. In yana da saƙo, sai ya juya ga ginshiƙin tsakiyar ɗaki ya gaya masa, mai kunne ya ji.

Ya gyara murya, ya dubi ginshiƙin.

"Ginshiƙi, masana sun ce tauraron ƙaya ya yi mana yawa, yana cinye murjani. In murjani ya mutu kifi zai gudu, igiyar ruwa kuma ta shigo mana har cikin coci. An ce kowane gida ya tsince na gefensa, a fito da shi tudu a binne. To, tunda mata ne ke fita kan duwatsu in ruwa ya janye, ina jin ba sai na ƙarasa ba."

Tsoho Peniasi, ɗan kawun Sairusi kuma abokin wasansa, ya ajiye ƙoƙon yangona ya tafa hannu sau uku.

"Tavale," in ji shi, don haka abokan wasa ke kiran juna, "duk tsibirin nan babu mai ilimin ginshiƙinka. Ya yi bitar tankin ruwa, ya yi ta shara, ya yi ta dashen itace, yau ga ta teku. Kai ka ci kajin otal, shi ya sha karatu. Saura ku ɗinka masa hula."

Aka tuntsire da dariya, har da Sairusi. Torika ma ta yi murmushi cikin kwanon kwakwa. Idonta yana kan jar safar nan. Ta san tauraron ƙaya, kowa ya san shi: faɗinsa kamar faifai, hannuwa barkatai, ko'ina ƙaya, kowace ƙaya da dafinta.

Washegari ta tare mijinta yana wasa adda zai hau gonarsa ta kan tudu.

"Waisake, ka karɓo mini safar nan wajen Momo." Haka take kiran surukinta.

"Wace safa?"

"Guda nawa ka gani?"

Ya sosa ƙeya. "Ai ya riga ya sa hannunsa a ciki. Hannunki a inda hannun Ta ya shiga? Haba Torika. Me gari zai ce?" Shi Ta yake ce wa ubansa, uwarsa kuma Na.

"To awartakin fa? Shi ma shiga cikinsa ya yi?"

"Na ga Na ta ɗauka. Ta ce ya yi daidai da juya duwatsun gashi."

Gaskiya ne. Akanisi, uwar mijinta, ta gwada awartakin a ramin da ake gasa abincin Lahadi, ta ɗauke jajayen duwatsu da shi ba tare da ta ƙone ba, ta ce wannan ita ce bita ta farko da ta amfani gidan. Takalmin kuwa ya zama na zuwa coci. Sairusi yakan zauna sahun gaba da shi, gumi na taruwa a ciki, in ya miƙe waƙa sai ka ji coɓal-coɓal.

Torika ta fiƙe sanda ta ɗauki buhun fulawa. Haka sauran matan garin suka yi, amma gefen gidan Sairusi ya fi na kowa faɗi, kuma shi ne aka naɗa mai kula da murjani, don haka buhun gidansa bai kamata ya gaza na kowa ba. Kullum ruwa ya janye tana kan duwatsu, tana soko taurari tana jefawa a buhu. Shi kuma yakan tsaya a gaɓa cikin takalmi da safa, hannu a ƙugu, yana ba wata bishiyar kwakwa umarni.

"Kwakwa! A matsa hagu! Can na hango wani ƙato!"

Peniasi da ke gyaran koma a gefe yakan ɗago ya dubi bishiyar. "Tavale, ta ƙi motsi. Ka kai ƙararta Suva."

Abin ya faru wata safiya mai iska. Torika ta soko wani babba, tana juya shi cikin buhu, igiyar ruwa ta buge ta a ƙauri. Ta kai hannun dama ta tare bakin buhun. Ƙaya ta huda buhun ta shige gaɓar manuniyarta, ta karye a ciki.

Ba ta yi ihu ba, don surukinta na kallo. Ta dai durƙusa cikin ruwa ta yi amai, sannan ta jawo buhun zuwa tudu. Sairusi ya ga jinin da ke bin hannunta. Ya dubi bishiyar kwakwa, amma yau bai ba ta saƙo ba. Ya juya ya nufi gida, ƙwas-ƙwas.

Akanisi ce ta yi magani. Ta sa aka juya tauraron, cikinsa a sama, ta kama yatsan Torika ta danna kan ƙananan ƙafafunsa masu tsotso.

"Shi ya zuba dafin, shi zai tsotse abinsa. Haka kakata ke yi."

"Nei," in ji Torika, haka take kiran uwar mijinta, "ƙayar tana ciki fa. Ina jin ta."

"Za ta fito da kanta in ta gaji. Ke dai 'yan yanzu ba ku da jimiri. Ni da cikin Waisake kifi mai dafi ya soke ni a ƙafa, ranar na yi wanki."

Ƙayar ba ta gaji ba. Yatsan ya kumbura ya zama kamar ɗanyar ayaba, ya yi ja, ya koma shuɗi-shuɗi. Abin da ya fi damun Torika ba zafin ba ne. Ita masaƙiyar tabarma ce. Daga garinsu aka san ta da shi, har daga wasu tsibirai ake aiko mata a yi ta biki ko ta jana'iza. A gidan da ba ta da gona, ba ta da murya, wannan yatsan ne nata. Da shi take lanƙwasa ganye ta cusa, ta ja, ta danne. Yanzu ko ƙulla zani ba ya yi.

Ta koma kan duwatsu da hannun hagu, don buhu bai san ciwo ba.

Ana haka labari ya zo cewa masu bitar za su biyo sawu, su ga yadda aiki ke tafiya. Gari ya rikice da shiri. Aka yi shara, aka yi wa duwatsun bakin hanya farin fenti. Sairusi ya wanke safarsa da sabulu, duk da ba ta taɓa yin datti ba, ya shanya. Da daddare bayan cin abinci ya dubi ginshiƙi.

"Ginshiƙi, baƙi ba sa tafiya hannu sake. Gidan nan an san shi da tabarma mai bakin ulu. Kada a ji kunya."

Torika ta dubi hannunta da ke naɗe da tsumma, ta dubi mijinta. Waisake ya duƙufa kan rogonsa kamar yau ya fara ganin rogo.

Da suka keɓe ta kwance tsumman ta nuna masa. Kumburin ya haura bayan hannu, wani jan layi ya kama hanyar gwiwar hannu.

"Ka kai ni wajen nas."

"Zan kai ki. Wallahi... ina nufin, in Allah ya yarda zan kai ki." Ya kawar da kai daga warin. "Man kwalekwalen da ke cikin jarka na ɗauko baƙi ne daga babban tsibiri da mayar da su. Ta ya ce kada a taɓa. Ki bari su zo su tafi."

"Yatsan ne zai bari?"

"Ke ma kin san ba ni da ta cewa. Kuma ga wasan ƙwallon zari-ruga da za mu yi musu, ni ne a tsakiya."

"To, Allah ya ba da sa'a, na tsakiya."

Ta fara tabarmar da hagu, tana danne ganye da gwiwa, tana ja da haƙori. Layukan suka fito a karkace kamar tafiyar kaguwa. Akanisi ta leƙo ta riƙe haɓa.

"Wannan tabarma ce ko tarkon kifi? A garinku haka ake yi, ko mu ne ba mu isa a yi mana mai kyau ba?"

"Hannun ne, Nei."

"Hannu, hannu. Kowa da hannu a gidan nan."

Peniasi ne ya sami Torika a bayan kicin, zazzaɓi na kaɗa ta cikin rana tsaka. A lissafin dangi uba yake a wajenta, don haka yana iya yi mata magana. Ya ce ta buɗe. Da ya gani, wasan ya bar fuskarsa. Ya wuce kai tsaye inuwar da Sairusi ke goge takalmi. Bangon kicin na gora ne, Torika na jin komai.

"Tavale, a bitar taku, tsakanin kaza da kaza, ba a faɗi abin da za a yi in ƙayar ta soki mutum ba?"

"An faɗa mana. Har hoto aka nuna a bango. A tsoma wajen a ruwan zafi nan take, a cire ƙayar. In a gaɓa ta karye, a garzaya asibiti kada a kwana."

"Ka sani ke nan."

"Na sani mana. Ni na zo na ɗaya a tambayoyi."

"To me ya hana ka faɗa?"

Sairusi ya ajiye takalmin, muryarsa ta yi ƙasa, irin ta mutumin da aka ɓata wa suna. "Peni, ka ji abin da kake cewa kuwa? In yi maganar jikin matar ɗana? Ni?"

"Ka gaya wa ginshiƙi mana! Ba shi ne sakatarenka ba?"

"Maganar aiki daban, maganar jiki daban. Ko ginshiƙin ai da kunya. Mu ba haka aka rene mu ba."

"To ka gaya wa matarka."

"Ta riga ta yi nata maganin. In ce na kakarta ƙarya ne? Kana so in kwana a kwalekwale?"

Peniasi ya yi tsaki. "Kunyarka tana da wayo, Tavale. Ta san hanyar buhu, ba ta san hanyar tukunyar ruwan zafi ba."

Sairusi ya yi dariya, don abokin wasa ne ya faɗa, maganar abokin wasa kuwa ba a riƙe ta. Torika ta zauna a bayan gorar tana kallon tukunyar da ke tafasa a murhu. Tun ranar da abin ya faru tukunyar nan ba ta sauka daga wuta ba, shayin gidan ake yi da ita.

Baƙi suka iso ranar Juma'a. Shugabarsu wata mace ce mai suna Kelera, doguwa, fatarta ta sha gishirin teku. Aka shimfiɗa tabarmi a gidan Sairusi, maza a sama, mata a bakin ƙofa. Akanisi ta yafa wa Torika tawul a hannun dama ta ce kada ta kuskura ta cire, kada baƙi su kasa cin abinci. Karkatacciyar tabarmar kuwa an naɗe ta ta yadda bakin ulun kawai ake gani.

Bayan an sha yangonar maraba, Sairusi ya yi jawabi daga zaune, safa a hannu, awartaki a cinya, an kankare masa toka. Ya ce sun yaƙi tauraron ƙaya ba dare ba rana. Ya ce ramin da suka binne na gidansa kaɗai ya isa a binne saniya.

"Madalla," in ji Kelera. "Mun ga wajen da muna shigowa, ya yi kyau ƙwarai. Kayan aikin sun yi amfani ke nan? Ba wanda ya ji ciwo?"

"Sun yi amfani matuƙa," in ji Sairusi.

"Musamman ranar Lahadi," in ji Peniasi. Maza suka ƙunshe dariya.

A lokacin Torika na tafe da gwiwa, kamar yadda ake ratsa zaman manya, tana tura tiren shayi da hagu. Kanta na juyawa. Da ta zo daidai ginshiƙin sai ta tsaya. Ta zauna ta tanƙwashe ƙafa, ta sunkuyar da kai yadda ya kamata. Ba ta dubi surukinta ba, ba ta dubi baƙuwa ba. Ta dubi itacen.

"Ginshiƙi," ta ce.

Cokalin da wani ke juyawa a kofi ya tsaya. Ba a taɓa jin mace ta yi wa ginshiƙi magana ba. Amma ba wanda ya taɓa cewa an hana.

"Ginshiƙi, sannu da aiki. Duk saƙon da aka ba ka ka isar. Ka ce a fita kan duwatsu, an fita. Ka ce a yi tabarma, ga ta can, a yi haƙuri da ita. Ina da tambaya ɗaya, kai da ka yi bita. An ce akwai abin da ake yi in ƙaya ta karye a gaɓa. Shi ne ba a ba ka ba, ko kai ne ka manta?"

Ta zare tawul ɗin ta ɗora hannun a jikin itacen, don ya gani da kyau.

Wata daga cikin baƙin ta toshe baki. Akanisi ta ce, "Wayyo, yarinyar nan zazzaɓi ne ke sa ta surutu." Waisake, cikin rigar zari-ruga, ya kafa wa tabarma ido. Sairusi ya ɗaga hannu zai yi magana, ya ga jar safar a hannun, ya mayar da shi ƙarƙashin cinya.

Peniasi ya matso, ya kara kunne a jikin ginshiƙin, ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Ya ce ba a ba shi ba, 'yata. Ya ce shi itace ne, amma da an ba shi da ya faɗa."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Kelera ba ta yi wa kowa faɗa ba, baƙuwa ce. Ta riƙe hannun ta juya shi a hankali, ta bi jan layin da ido, ta ce a yafe musu abincin rana, kwalekwale zai juya yanzu. Man da aka ajiye wa baƙi shi ya kai Torika asibiti. Wasan zari-ruga an yi shi ba 'yan kallo, aka kuma cinye su Waisake.

Likita ya tsaga ya ciro ƙayar, baƙa, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ce an ceci hannun. Gaɓar yatsan kuwa ta riga ta ci, ba za ta sake lanƙwasawa ba. Ya tambaye ta me ya sa ba ta zo da wuri ba. Ta yi tunanin ta inda za ta fara, ta ga da nisa, ta ce iska ce ta yi yawa.

Ranar da ta dawo, ta shigo ta ƙofar mata ta zauna a wajenta. Akanisi ta kawo mata romon kifi da hannunta, tana cewa ita dama tun farko ta ce a je asibiti. Waisake ya ce ya sayo mata sabon zani. Sai Torika ta ɗaga ido. An kafa ƙusa a jikin ginshiƙin, jar safar na rataye, awartakin na jingine, takalmin na ƙasa a jere.

Sairusi ya yi tari. Ya rame kaɗan, tumbin otal ya tafi.

"Ginshiƙi," ya ce, "kayan nan na ba ka. Sun fita daga hannuna, sun zama naka. Wanda ka ga dama ka ara masa, ba ruwana."

Dattawan da ke wurin suka gyaɗa kai, suka ce lallai haka ne, kayan ginshiƙi ba kayan suruki ba ne, al'ada ba ta hana ba. Wani ma ya ce a zamanin kakansa an taɓa yin haka da wata adda. Kowa ya yaba hikimar Sairusi.

Torika ta daɗe tana kallon ƙusar. Ƙusa ce irin wadda ke cike da gwangwani a bayan ƙofa tun kafin a auro ta. Bugu biyu aka yi mata ta shiga.

Ta miƙa hagu ta sauke safar, ta zura ta dama. Yatsu huɗu suka lanƙwashe, manuniya ta tsaya cak, ja wur, a miƙe.

Tabarma mai bakin ulu ta ƙare a gidan Sairusi. In biki ya taso yanzu sai Akanisi ta bi maƙwabta aro. An kuma ce wata bitar na tafe, ta shigar da mata cikin harkar kare teku, dattawa na shawarar wanda ya dace ya wakilci gari, don tafiya Suva ba abin da za a bar wa mata ba ne. Peniasi ya ce a tura ginshiƙi.

Nuna mutum da yatsa rashin tarbiyya ne a wajenmu, balle suruki. Torika mace ce mai kunya, har yau ba ta taɓa ce wa Sairusi uffan ba. Tana zama bakin ƙofa, kai a sunkuye, hannu a kan gwiwa kamar kowace matar kirki. Sai dai yatsan ba ya lanƙwasawa, kuma daga bakin ƙofa duk inda ta ajiye hannun, saman ɗaki yake kallo. Sairusi ya sauya wajen zama sau da dama. Ƙarshe ya koma bayan ginshiƙi, can yake cin abincinsa yanzu.